Na Ajiye Maka

Babur ɗina na farko Jincheng ne na hannu. Na saye shi a 2004, ina zaune a Kubwa ina shiga gari aiki. A wancan lokaci 'yan acaɓa na shiga ko'ina a Abuja, Wuse da Garki da Maitama, suna jiran ma'aikata a bakin ofisoshi da la'asar. Babur na hannu kuwa ba ya cika wata biyu bai nemi wani abu ba. Yau filogi, gobe sarƙa, jibi kuloci ya fara santsi a kan hawa. Wannan hidimar ce ta kai ni rumfar wani dattijo a Zuba, mai sayar da kayan kwance, wato sassan da ake cirewa daga baburan da suka gama kwanansu.

Rumfar kwano ce, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Salansa da tankuna na rataye a ƙusoshi, ƙananan kaya irin su fistin da kwayil suna cikin tsofaffin gwangwanayen madara, kuma shi kaɗai ya san inda komai yake. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake buɗe ciniki. Ba ya faɗin kuɗi sai ya faɗi aibi. Zai ɗora maka kafireta a tafin hannu ya ce, "Wannan ta yi aiki sosai, amma tana ɗan shan mai. Waccan ba ta sha, sai dai an taɓa buɗe ta, ga sawun sukudireba nan." Ka zaɓa, sannan ka taya. In tayin bai kai ba ya ce albarka, in ya kai ya ce ya sallama. Rasit babu. Abin da yake ba ka a madadinsa magana ce guda: je ka sa, in ba ta yi ba ka dawo da ita.

Wata rana silindar babur ɗin ta tashi aiki, ga wata ya yi nisa. Na sami mai kyau a wurinsa, muka daidaita, na ce, "Baba, sai dai ku yi mini haƙuri zuwa Juma'a, ba a biya mu ba tukuna." Ko kwabo ban ba shi ba. Ya naɗe ta a tsumma, ya tura ƙarƙashin benci, ya ce, "Na ajiye maka." Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je na biya na ɗauka. Sai daga baya ɗansa, wanda yake taya shi zaman rumfa yana ɗan yaro, ya ba ni labari cewa ranar Laraba wani ɗan acaɓa ya zo da kuɗi a hannu har da ƙari a kan abin da na taya, dattijon ya ce masa an sayar.

Na yi shekaru ina ba da wannan labari a matsayin shaidar halin mutum ɗaya, kuma har yau ra'ayina game da halinsa bai canza ba. Amma daga baya na gane cewa akwai shinge a kewaye da shi wanda idona bai gani ba a lokacin. Rumfarsa ba ta tashi. Maƙwabtansa na dama da hagu suna jin duk abin da ya faɗa. Akwai shugaban kasuwa da ake kai wa ƙara, akwai sahun sallah da za su haɗu da wanda ya cuta sau biyar a rana, akwai bakaniken da yake kawo masa masu saye yana karɓar 'yar la'ada, wanda shi ma sunansa ne zai ɓaci in kaya suka fito ba daidai ba. Mai amana da mara amana duk a cikin shingen nan suke, kuma shingen yakan tilasta wa mara amanar ya yi kama da mai ita.

Tsarin ya girmi babur nesa ba kusa ba. Fataken da suka yi ta kai kaya Gwanja suna dawowa da goro daga Salaga da shi suka yi aiki. Baƙo ya sauka a gidan mai gida, mai gida ya nemo masa dillali, ya tsaya masa a kan bashin da za a ci. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya rubuta a littafinsa na 1969 yadda ake sayar wa mahautan garin shanun Arewa bashi ba tare da takarda ba, mai gida ne jingina. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ne zai san yadda zai yi da baƙonsa, shi kuma mahaucin ya rasa mai sake ba shi bashi a kara. Dukiya mai yawa tana tafiya ɗaruruwan mil a kan fatar baki, domin kowane baki yana da gida, yana da wanda ya san shi.

A ranar 1 ga Oktoban 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birnin Abuja, lokacin Malam Nasir El-Rufa'i yana minista. Baburan ba su ɓace ba, gefe suka koma: Nyanya da Karu da Mararraba ta gabas, Lugbe da Kuje da Gwagwalada ta hanyar filin jirgi, Dei-Dei da Zuba da Suleja ta ɓangaren Kubwa, sai Mpape a kan duwatsu. Kasuwar kayan gyara ta bi su ta warwatse. Bajaj Boxer ɗan Indiya ya zo ya ture Jincheng a hannun 'yan haya saboda ƙarancin shan mai da jurewa, kayan tsofaffin babura suka fara wuya. Kano ma ta hana acaɓa a Janairun 2013, mahaya da dama suka bazu garuruwa. Ana cikin haka wayar salula, wadda ta shigo a 2001 ana kira kawai da ita, ta sami kyamara da intanet. WhatsApp da Facebook suka shiga aljihun bakanike, dandalin saye da sayarwa na Jiji ya buɗe a 2014, ya haɗiye harkar OLX ta Nijeriya a 2019.

Ba zan yi wa wannan sauyi butulci ba. Mai tsohuwar Honda ko Suzuki a Kuje, wanda a da sai ya yi asarar yini biyu da kuɗin mota yana bin rumfuna, yau zai ɗauki hoton abin da ya lalace ya tura, kafin azahar an samo masa a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko can kasuwar Nnewi. A sa a kwali, a rubuta lambarsa a jiki, a ba direba a tasha, gobe ya je Jabi ko Utako ko Zuba ya biya kuɗin saƙo ya karɓa. Yaron da ba shi da jarin kama shago yana iya fara sana'a daga ɗakinsa da buhu guda na kayan kwance. Wannan alheri ne, kuma na ci moriyarsa sau da yawa.

Sai dai waya ta kawo kasuwar ta baro shingen a baya. Mutumin da kake ciniki da shi ba ka san rumfarsa ba, wataƙila ma ba shi da ita. Shi ma bai san ka ba. Daga nan tambayar da ke damun duk mai wannan harka ta taso: wa zai fara sakin nasa? Mai kaya ya ce turo kuɗi, mai saye ya ce turo kaya. Kowa da hujjarsa, domin an sha tura kuɗi a wayi gari an toshe lambar mutum, an kuma sha nuna wa mai kaya alat na bogi, sai bayan mota ta wuce Tafa ya duba asusunsa ya ga wayam.

Wannan damfara ce tsagwaronta, kuma kowa ya san sunanta. Abin da ya fi damuna ya fi ta laushi, kuma mutanen da ba su ɗauki kansu macuta ba su ne ke yin sa. Kayan babur yawanci aibinsu a ciki yake. Kwayil mai mutuwa idan ya ɗau zafi, kamarsa ɗaya da lafiyayye. Karanshaf mai 'yar lanƙwasa sai an juya shi a hannu, ko an ɗaura shi an tayar, kafin a ji. A wanke abu da fetur, a goge, a fesa masa fenti, a ɗauki hoto ta gefen da rana ta haska, ya fito kamar daga kamfani. Har akasin haka ma na gani. Tun da bakanike sun fi yarda da tsohon orijina a kan sabon ɗan Caina mai arha, wasu kan shafa wa sabon jabu baƙin mai su ce kwance ne.

Ni kaina na taɓa sayen kan inji a hannun wani da ban sani ba, a wani zauren masu babura na waya. Hotuna huɗu ya turo, duka masu kyau. Da kwalin ya iso bakanikena ya juya shi, sai ga tsaga siririya kamar gashi a gefen da babu hotonsa. Na kira shi, bai ɓuya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Oga, ai ka ga hoto kafin ka biya." Kuɗin ba su kai a yi ta jayayya ba, na bar su. Amma maganar ta zauna mini, domin a cikinta na ji dukan abin da ya sauya. Dattijon Zuba nauyin faɗin aibi a kan harshensa ya ɗora shi. Wannan kuwa ya sauke nauyin daga harshensa ya ɗora a kan idona, alhali shi ya zaɓi abin da idon zai gani. Mun saba cewa gani ya kori ji. A cinikin waya karin maganar nan tana iya jefa mutum rami, domin abin da ka gani ɗin wani ne ya tace maka.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan matsala. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu fiye da shekara dubu da suka wuce, ya wuce ta babin ciniki, inda aka halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, aka kuma yi taka-tsantsan game da shardanta biyan kuɗi tun kafin a ga kaya idan wurin da nisa. A babin nan kuma aka ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Ayari da raƙuma suke tunani, amma hukuncin ya zauna daram a kan kwali da motar haya. A wannan fahimta siffantawar ita ce cinikin. Hoto wani yanki ne kawai na siffa, ba ya sauke wa mai kaya wajibin faɗin abin da ya sani. Wanda ya san da tsaga ya juya ta baya, ya yi shiru, bai faɗi ƙarya da baki ba, amma ya siffanta abin da ba shi ne ya aiko ba. Ina mamakin yadda muke haddace wannan babi da yamma mu manta da shi da safe idan waya na hannu.

Shekarar 2023 ce ta tura har waɗanda suka ƙi shiga cinikin waya. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a watannin farko na 2023, dattawan da ba su taɓa yarda da kuɗin da ba su ƙirga da yatsa ba suka koma liƙa lambar asusu a jikin rumfa. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da ake lissafawa naira ɗari huɗu da wani abu a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan babur kusan duka daga waje suke zuwa. Sabo ya fi ƙarfin talaka, kowa ya koma kan kwance, shi ma kwancen ya bi sahu.

A nan ne kalmar "na ajiye maka" ta yi tsada. Lokacin da dattijon ya tura silindata ƙarƙashin benci, abin da ya yi asara ɗan ƙarin da ɗan acaɓan nan ya yi ne. Yau wanda ya ajiye maka abu mako guda yana iya zuwa sari ya tarar kuɗin da ka ba shi ba za su mayar masa da irinsa ba. Ga shi a da mutum ɗaya ne ke tsaye gabansa, yanzu hoto guda mutum goma ke tambaya a lokaci ɗaya, wani daga Keffi, wani daga Minna, kowa na cewa yanzu zai turo. Shi ya sa da yawa suka koma wata ƙa'ida: wanda ya fara turo kuɗi shi ke da kaya. Ban ga laifinta ba matuƙar an faɗe ta tun farko. Mu masu saye ma mun taimaka wajen haifar da ita, domin "ajiye mini, ga ni nan zuwa" ta zama kalmar da ake furtawa ba tare da niyya ba, mutum ya sa a ajiye masa a wuri uku ya sayi na huɗu, bai ko waiwayo ya ce ya fasa ba. Wanda aka yi wa haka sau biyar yana da haƙƙin neman kafin alƙalami.

Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne mutum ya ce ya sallama, ko ya ajiye, har ya karɓi wani abu, sannan mai tayi mafi tsoka ya ɓullo ya sakar masa, ya dawo maka da kuɗinka yana ganin ya fita. Bai fita ba. Mafi yawan masu sayen kayan nan da babur ɗin suke ci. Ɗan acaɓan da ya jingine mashin kwana biyu yana jiran kwali, ya daina nema a wani wuri saboda an ce masa an ajiye, kuma mai mashin bai daina jiran balas ɗinsa na kullum ba. Cefanen gidan ma bai tsaya ba. Kuɗin da aka mayar masa ba su haɗa da kwana biyun nan ba.

Akwai kuma tambayar da mu masu saye ba mu son yi, wato daga ina kayan suka fito. Babur ɗin da aka sace da dare a Mararraba, kafin hantsi an kwance shi gunduwa-gunduwa, kuma gunduwa ba ta da lamba ballantana takarda. Dattijon Zuba ba ya sayen babur na kwancewa sai ya ga takardunsa da wanda ya san mai shi. A Janairun 2025 hukumar Babban Birnin Tarayya ta hana 'yan bola yawo cikin gari, ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu, saboda satar murafen magudanun titi da sauran ƙarafan gwamnati. Kasuwar da ke da ƙofa ana iya rufe ta a tantance mutanenta. Wadda ke cikin waya kuwa, mai saye ne kaɗai mai gadinta, kuma in ya ga abu da arhar da ta wuce hankali ya yi shiru ya biya, ya san abin da ya taya.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙarin. An kawo BVN a 2014, aka fara haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, akwai dokar laifukan intanet ta 2015. Amma babu mai zuwa caji ofis a kan kuɗin kafireta, domin zirga-zirgar kaɗai ta fi kuɗin. Ƙananan cinikayya irin namu doka ba ta cika sunkuyowa ta gan su ba. Don haka mutanen harkar da kansu suka fara sake kafa shingen da abin da ke hannunsu. A wasu zauruka shugaban zaure ne ke riƙe kuɗi har kaya su isa, aikin da mai gida ke yi a Sabo ke nan. Wasu sun mayar da direban da suka saba da shi shaida, a buɗe kwali a gabansa. Wanda ya cuci ɗaya, a sa lambarsa a zaure kowa ya gani. Na kuma lura cewa abin da mutane ke tambaya yanzu game da mai kaya shi ne shekara nawa ya yi da wannan lambar. Lambar waya ta zama rumfa. Mai sauya layi duk bayan wata uku tamkar mai kwashe rumfarsa ne da tsakar dare.

Dattijon yana nan da ransa, ido ya yi rauni, ɗan nan nasa ne ke riƙe da sana'ar. Rabin cinikinsa yanzu a waya yake yi. Na zauna na kalli yadda yake aiki. Ba ya yarda da hoto kaɗai, kiran bidiyo yake yi, ya ce a ba bakanike wayar, ya juya abu ta kowane gefe, ya sa bakin sukudireba a kan wurin da ya ci ya ce a duba nan. Bayan an daidaita sai ya aika saƙon murya yana maimaita kuɗi da aibi da ranar da wa'adi zai cika, don kowa ya riƙe. Uban yana gefe a kan bencin nan, ba ya gane manhajar, amma duk sanda ya ji an kusa sallamawa sai ya ɗago kai ya ce, "Ka faɗa masa aibin?"

A daminar da ta wuce na nemi tankin wani tsohon babur da nake lallaɓawa. Ya samo, ya nuna mini inda aka taɓa yi masa walda a ƙasa, muka daidaita, ya ce ya ajiye mini zuwa Asabar. Rasuwa ta kai ni gida, na manta da zancen gaba ɗaya. Ranar Asabar bayan magariba wayata ta yi ƙara. Bayan ya yi mini ta'aziyya ya ce, "Kawu, wa'adinmu ya cika yau. Akwai wani daga Lafiya da yake ta nema tun Alhamis, na ce masa da magana a kai. In ƙara muku kwana, ko ku sake ni in ba shi?" Na tambaye shi ko mutumin haya yake yi da babur ɗin, ya ce e. Na ce ya ba shi. Washegari ya turo mini hoton kwalin a bayan mota a tashar Zuba, an ɗaure shi da tsohuwar roba ta tayar babur, da lambar mutumin Lafiya a rubuce a jiki.